Moton da ya mutu a hanyar Agadas

Ɗan'uwa mai karatu, moto ya taɓa mutu maka cikin daji? Rana ta take, ba gari kusa, ka buga ka buga ya ƙi tashi. In ya taɓa yi maka haka, to, ka san rabin wannan labari. Sauran rabin ya faru a ƙasarmu, a shekara ta 1935, lokacin mulkin Faransa.

Labarin mata biyu ne ƴan Ingila. Sunan ɗaya Theresa Wallach, shekarunta 25. Sunan ta biyu Florence Blenkiron, shekarunta 30. Dukansu sun saba da tseren moto. A 1934 Florence ta yi gudun da ya wuce kilomita 160 a awa guda, a filin tseren Brooklands. Ita kuwa Theresa ta yi karatun injuna a Landan. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ran 11 ga watan Disamba 1934 suka tashi daga Landan. Niyyarsu su kai birnin Kap, can ƙarshen Afirka ta Kudu, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Motonsu Panther ne, babba, mai ƙarfin 600. An ɗaura masa wani akwati mai ƙafa guda a gefe, inda ɗaya za ta zauna. Daga baya kuma yana jan ƴar amalanke, cike da tanti da ruwa da isansi da abinci. Ka ga nauyin da suka aza wa inji guda. Ko jaki ne aka yi wa wannan labtu, sai an tausaya masa.

Suka ratsa Faransa, suka shiga jirgin ruwa zuwa Aljeriya. Daga nan sai kudu. Sojojin Faransa da ke tsaron hamada ba su so su bar su wucewa ba. Kada ka yi saurin ganin laifinsu. In matafiyi ya ɓace, su ne za su fita nemansa, da motocinsu da mutanensu. Matan suka yi ta gardama har aka sakar musu hanya.

Suka bi In Sala, suka bi Tamanrasat, suka sauko In Gizam, bakin iyakarmu. Kada ka ɗauka hanya ce irin ta yau. Babu gudron. Garin Arlit ma babu shi, sai a 1969 aka kafa shi saboda yuraniyom. Abin da ke akwai sawun motoci ne jefi-jefi, iska ta share wasu. Inda rairayi ya yi taushi, ƙafar moto ta nutse. Sai su sauka, su sauke kaya, su haƙa, su tura. Su ɗora kaya, su yi gaba kaɗan, ta sake nutsewa. Wanda ya taɓa tura moto a tudun rairayi na Damargu ya san yadda ƙirji ke zafi.

Duk wannan wahala inji ke sha. Yana ja da giya ta ƙasa yini guda, ga zafi, ga ƙura tana shiga ko'ina. Kafin su kai Agadas, ya kasa. Ba buji ba ne, ba sarƙa ba ce, ba faci ba ne. Ɓarnar can cikin cikinsa take, inda ƙarfe ke juyawa bisa ƙarfe. Irin wannan ba a gyara ta a gindin itace. Da taimakon mutanen wurin aka kai moton cikin gari.

To, yanzu ka sa kanka a matsayinsu. Agadas ta wancan zamani gari ne na laka, ga fadar Sarkin Abzin, ga dogon masallaci mai hasumiya, ga barikin sojan Faransa. Raƙuma sun fi motoci yawa nesa ba kusa ba. Babu kantin da ke saida kayan moton Ingila. Mai irinsu sai kamfanin da ya ƙera shi, can arewacin Ingila. Tafiya kuwa ko sulusinta ba su ci ba.

Hanyar komawa a buɗe take. Motocin fasinja na Faransawa suna ratsa hamada a lokacin sanyi. Da sun bar moton nan, sun hau, sun koma gida, ba wanda zai yi musu dariya. Sun riga sun ƙetare Sahara, abin da maza da yawa ba su yi ba.

Ba su koma ba. Suka aika a kawo musu kayan gyara daga Ingila, suka zauna jira. Makonni suka wuce. A ganina nan ne tafiyar ta fi wuya, ba cikin rairayi ba. Mai tura moto yana ganin gaba, ko da taki goma ne. Mai jira ba ya ganin komi. Kuɗi na raguwa, sanyi na wucewa, bazara na matsowa, ga damina tana jiransu a ƙasashen kurmi.

Da kaya suka iso, aka kwance injin ɗaiɗai, aka sake haɗa shi a nan Agadas. Ka tuna na ce maka Theresa ta yi karatun injuna? Ga ranarsa ta zo. Da ba su san cikin abin hawansu ba, da kayan sun zo a banza. Kai da ke da moto a gida, ka taɓa tsayawa ka duba hannun makaniki sa'ad da ya buɗe naka? Ko kuwa inuwa kake nema ka sha shayi?

Moto ya tashi. Suka yi kudu har Kano. Daga nan suka karkata gabas, suka bi Cadi, suka shiga kurmin Kwango, sa'an nan Uganda da Kenya. Wahala ba ta ƙare ba. A Tanganyika, ƙasar da yau ke cikin Tanzaniya, sun yi karo da wata mota, a hanyar da sai a yi kwanaki ba a ga mota ba. Suka gyara, suka wuce. Wanda ya haɗa inji a Agadas, lanƙwasar ƙarfe ba ta tsayar da shi.

Ran 29 ga watan Yuli 1935 suka shiga birnin Kap. Kwana 230 ke nan da tashinsu, sun ci sama da kilomita 21,000.

A can suka rabu. Theresa ta koma Ingila cikin jirgin ruwa. Florence ta juyo arewa ita kaɗai bisa moto, ta isa Landan a 1936. Lokacin yaƙin duniya na biyu Theresa ta yi aikin soja, tana kai saƙo bisa moto. Bayan yaƙi ta koma Amurka, ta buɗe shagon saida moto da gyaransa, tana koya wa mutane tuƙi. Ta rasu a 1999, ranar da ta cika shekara 90. Littafin da ta rubuta kan wannan tafiya bai fito ba sai a 2001, da sunan Agadas a cikinsa.