Koyo ta hanyar wasa: ayyukan bazara a azuzuwan share fage na karkarar Kano

Koyo ta hanyar wasa tsari ne na koyar da yara 'yan shekara uku zuwa biyar, inda yaro ke taɓa abu da hannunsa, ya gwada, ya yi tambaya, kafin a damƙa masa fensir. Akan danganta tsarin da Bajamushe Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantarsa suna Kindergarten a 1840, da Maria Montessori da ta buɗe tata a birnin Rum a 1907. A Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki. Bugun manufar na 2013 ya sanya shekara guda ta share fage cikin ilimin matakin farko.

Tsarin bai dogara da kayan wasa na kanti ba. A ƙananan hukumomi irin su Dambatta da Makoda da Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, bazara kanta ta wadatar da aji. Daga Maris zuwa Mayu manoma na sharar gona da kai taki, iri da kara kuma suna kowane gida.

Ayyukan kimiyya

Mafi sauƙi shi ne shuka wake a gwangwanaye biyu, a riƙa shayar da ɗaya, a bar ɗaya. Cikin 'yan kwanaki na farko zai tsiro, yara su gano dalilin da iyayensu ke jiran ruwan shuka.

Zoɓo ma abin gwaji ne. Idan aka matsa lemun tsami a ruwansa, jan yakan ƙara haske. Idan aka zuba jiƙon kanwa, sai ya rikiɗe ya yi duhu.

Akwai kuma kwatanta ruwan randa da na roba. Randa na tsatsafar da ruwa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu a Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

A bakin gona, yara kan lura da gawo da kuka: gawo na da ganye da rani ya zubar da damina, kuka kuwa akasin haka.

Ayyukan fasaha

Da yumɓu ake ƙera shanu da tukwane, da karan dawa ake haɗa mota da keji. Launi na samuwa daga gawayi da jar ƙasa da farar ƙasa da lalle. Murza yumɓu da fere kara suna ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami gobe.

Abin kiyayewa

Zafin Afrilu kan haura digiri 40, don haka aikin waje da safe ya kamata, a inuwa, da ruwan sha kusa. Kada a kawo irin da aka gauraya da maganin ƙwari, domin guba ne. A sa ido kada yaro ya cusa ƙwayar wake a hanci ko kunne, wuƙa kuma ta tsaya a hannun malami.

Iyaye da dama kan auna makaranta da yawan shafukan da yaro ya cika. A wannan mataki, tambayarsa abin da ya faru da wakensa ta fi bayyana abin da ya koya.