Sassan Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Da Tarihin Isowarta Ƙasar Dutse

Duk wanda ya san tsarin ofishin gwamnati ba zai sha wuyar fahimtar na'ura mai ƙwaƙwalwa ba, watau kwamfuta. A ofis akwai mai karɓar takarda, akwai akawun da ke aiki a kanta, akwai ɗakin ajiye fayil, sannan akwai mai fitar da amsa. Haka ita ma wannan na'ura ta kasu kashi huɗu, kuma tarihinta tarihi ne na yadda sassan nan suka yi ta ƙanƙancewa har suka shiga aljihu.

Kashi na farko shi ne ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Na'urar ENIAC da aka bayyana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka cikin 1946 tana da ƙwayayen lantarki kusan 18,000, nauyinta kuwa ya kai tan 30. Da aka ƙago tiransista a 1947 sai aka sami abin da ya maye gurbin ƙwayayen nan masu zafi da yawan mutuwa. A 1971 kamfanin Intel ya tattara ƙwaƙwalwar baki ɗaya a kan ɗan guntun da bai kai farce ba.

Kashi na biyu ma'adana ce, kuma iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wadda ke kama da teburin akawu, da an ɗauke wuta sai abin da ke kanta ya gushe. Akwai kuma ta dindindin, watau faifai. Wanda IBM ya fitar a 1956 faranti 50 gare shi, amma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani ba.

Kashi na uku da na huɗu su ne ƙofar shiga da ƙofar fita. A shekarun 1970 ɗaliban jami'o'in Ibadan da Zariya kati suke hudawa, su miƙa, su koma su jira takardar amsa. Daga baya allon madannai da linzami suka maye gurbin kati, allon kallo da firinta kuma suka zama hanyar fitar da sakamako.

Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, tafireta ce ke riƙe da yawancin ofisoshin Dutse. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure. Amma abin da ya kai na'urar ƙofar talaka abu biyu ne, kuma duk a 2015 suka faru. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, hukumar zaɓe kuma ta kawo na'urar tantance katin zaɓe, wadda BVAS ta gada a babban zaɓen 2023. Ita BVAS, da ta isa rumfunan Gantsa da sauran garuruwan Buji, ta haɗa sassan nan huɗu a tafin hannu: tana karɓar zanen yatsa ko hoton fuska, ta gwada da abin da ke ma'adanarta, ta nuna amsa a allo.

A nan darasin tarihin yake. Ƙwaƙwalwar na'ura ta ƙaru ninkin ba ninkin, amma har yanzu abin da aka zuba mata ta ƙofar shiga shi take mayarwa. Ɗalibin Buji da ya haddace karatunsa, amma bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba sai ranar jarrabawa, an tauye shi tun kafin ya karanta tambayar farko. Akawun da ya shigar da ranar haihuwar ma'aikaci ba daidai ba, na'ura za ta riƙe kuskuren nan da aminci har ranar fansho. Saboda haka hukumar da ta sayi na'ura ba ta tanadi wutar da za ta kunna ta da malamin da zai horar da hannun da zai taɓa ta ba, ta gina rijiya ne ba guga.