Isaak Levitan: Korarren da Ya Zana Fuskar Rasha

A shekara ta 1879, bayan wani yunƙuri na kashe sarki Aleksanda na Biyu, hukuma ta kori Yahudawa daga birnin Masko. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wani maraya ɗan shekara 18, ɗalibin makarantar zane, mai suna Isaak Levitan.

An haife shi a 1860 a Kibarti, cikin Lituwaniya ta yau, a gidan talakawa. Ya shiga makarantar zane ta Masko a 1873. Mahaifiyarsa ta rasu a 1875, mahaifinsa ya bi ta a 1877. Malaminsa Aleksei Savrasov, wanda kan fita da ɗalibai bayan gari su zana abin da idonsu ya gani, shi ya ɗora shi bisa hanyar zanen karkara.

A wancan zamani masu zane na Faransa sun ɓullo da salon kama haske kamar yadda yake a ɗan ƙanƙanen lokaci, kafin ya sauya. Levitan ya kusanci wannan salo, musamman a zanensa mai suna «Maris» na 1895: dusar ƙanƙara ta soma narkewa, inuwar itatuwa ta yi shuɗi a kanta, doki na tsaye a ƙofar wani gidan katako. Amma haske kaɗai bai ishe shi ba. Abin da yake nema shi ne halin zuciya da wuri ke jefa mutum a ciki.

Shaidar haka ita ce «Vladimirka» na 1892. Hanya ce fayau ƙarƙashin sararin sama mai gajimare, sai wani matafiyi can nesa. Duk Barashe ya san ta nan a da aka riƙa tasa ƙeyar fursunoni a ƙasa zuwa Sibiriya. A cikin wannan shekara aka sake korar Levitan daga Masko saboda asalinsa, sai da abokai suka sa baki aka bar shi ya komo.

Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a 1900, bai cika shekara 40 ba. A yau manyan zanukansa na rataye a gidan adana zane na Tretyakov, cikin birnin da aka kore shi har sau biyu, kuma ta idonsa ne Rashawa da yawa suka koyi kallon ƙasarsu.