Daga Wasiƙar Madugu zuwa Saƙon Murya

A zangon karatun da ya wuce anka ba mu darasin rubuta takardun aiki da na kasuwanci: takardar neman aiki, takardar bin bashi, rahoton taro. Duka da Faransanci. Mushe ya kwashe awa biyu yana koya muna yadda ake rufe wasiƙa, wannan doguwar jimla da kake roƙon darakta ya amshi gaisuwarka ta ban girma. Da munka fito, wani abokina ya ce: "Kai, ai Hausa ba ta da irin wanga abu. Mu baki munka sani." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, don ni a Tebaram na tashi, kuma tun ina aji biyar nike rubuta wa matan unguwarmu wasiƙa zuwa Abijan. Shi ya sa na shiga bin tarihin abin.

Abu na farko da na taras shi ne, littafin koyon rubuta wasiƙa ya riga lakwal zuwa ƙasar Hausa. A 1877, wani saurayi ɗan kimanin shekara ashirin a Kano, wanda daga baya anka sani da Alhaji Umaru na Salaga, ya wallafa da Larabci wani littafi mai suna Al-Sarha al-Wariƙa, inda ya tara samfurin wasiƙu don mai son koyo. Asalin gidansu Kabi ne, ubansa kuma bafatake ne mai zuwa Gwanja sayen goro. Umaru ya bi wannan hanya har ya zauna Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, can ya rasu a 1934. Ke nan darasin da nike ɗauka sabo ne, wani tsarana ya rubuta irinsa kafin Faransawa su kafa bariki a Tawa.

Me ya sa fatake sunka buƙaci takarda? Ayarin goro kan yi watanni a hanya tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Akwai madugu, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai kuma malamin ayari, wanda ban da addu'a shi ke riƙe lissafi da rubutu. Wanda ya ba da dukiyarsa a kai masa Salaga ba zai ga idon mai saye ba. Dole a sami abin da zai tsaya a madadinsa. A fada ma haka abin yake: da Turawan Ingila sunka ci Sakkwato a 1903, sun iske tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927.

Tsarin waɗannan wasiƙu kusan ɗaya ne. A fara da sunan Allah, a ce daga wane zuwa wane, a yi gaisuwa, sannan a ce "bayan haka" a shiga magana, a rufe da sallama. Da na ga haka sai na tuna zaurenmu. Abin da matan Tebaram ke shibta mini ke nan, sak: gaisuwa mai yawa, a gaida wane, a gaida wance, bayan haka hatsi ya ƙare, a aiko da jika goma hannun wane. Ba su taɓa jin sunan Alhaji Umaru ba, amma tsarin ya iso gare su ta hannun malaman da sunka riƙa rubuta wa iyayensu da ajami.

A da ina ganin doguwar gaisuwar nan ɓata takarda ce. Yanzu da idon ɗalibin ilimin harshe na gane aikinta. Duk sunan da anka ambata shaida ne. Wanda anka gaida ya san da maganar, wanda anka aiko kuma ba shi da halin musu. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda Hausawa ke sayar wa mahauta shanu bashi, mai gida na tsaya wa baƙonsa, sunansa ne jingina. Amana ce jarin, takarda kuwa mai gadinta.

Mu Adarawa mun gaji wannan ta hanyar bida. Kusan kowane gida na da ɗa a Abijan, Akara ko Legas, kuma albasar Galmi har yau can take zuwa. Hanyar saƙo ce ta yi ta sauyawa. Daga ajami anka koma wasiƙar boko ta hannun ƴan lakwal irina. Kaset ya zo, mutum ya zauna ya cika shi da magana, a ba direba ya kai. Sannan salula ta shigo a farkon shekarun 2000. Jenny Aker, wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wannan ci gaba ne, ba musu.

Sai dai wani abu ya faɗi a hanya. Bara kawuna ya tura wa wani abokin cinikinsa albasa bashi. Duk yarjejeniyar a saƙon murya na WhatsApp anka yi ta. Wayar kawu ta ɓata a tasha, wancan kuma ya ce kuɗin da ya turo na buhu sittin ne, kawu ya ce na arba'in ne. Ba takarda, ba shaida. Dattawa sunka zauna, anka raba asarar biyu, zumuncin shekara goma sha biyar ya mutu. Da na tambaye shi don me bai rubuta ba, sai ya ce: "Ɗana, in na ce mishi shi sa hannu, ai na ce mishi ɓarawo ke nan." Malamin ayari bai ɗauki rubutu zagi ba. Mu ne munka mayar da takarda kayan kumandan da Faransanci, har ta zama abin tsoro tsakanin ƴan uwa.

Ƴan uwa ɗalibai, maganar ta wuce kawuna. A watan Maris na 2025, sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ƙa'idar rubutun Hausa muna da ita tun 1999. Abin da ya rage shi ne takardun da ɗan kasuwa zai ɗauka ya cika ba tare da ya nemi tafinta ba. In mun juya jimlolin Faransanci kalma da kalma, za mu samu Hausar da ba mai albasar da zai gane ta. Tsarin da munka gada ya fi kusa: daga wa zuwa wa, gaisuwa, bayan haka, kaya nawa, kuɗi nawa, rana, shaidu. A kuɗin kuma a rubuta da lamba, a faɗi ko dala ce ko sefa, tunda ɗari biyar a bakin mutumin Tawa sefa 2.500 ce.

Na fara gwadawa. A hutun da ya wuce na rubuta wa kawu samfurin takardar bashi mai layi bakwai, da boko a sama, wani malamin unguwa ya juya ta ajami a ƙasa. Ya duba, ya ce gaisuwar ta yi kaɗan, ba wanda zai sa hannu a takardar da ba ta tambayi iyalinsa ba. Na ƙara layi biyu.