Daga Adashi Zuwa Asusu: Su Wa Suka Riƙe Hannun Sana'ar Mata?

Duk shekara idan bikin ƙungiyarmu ya zagayo, akan yi lissafin kuɗi a raba riba. Bana bari mu ƙara da wani lissafin, na waɗanda suka zo da sunan tallafa wa sana'ar mata a wannan yanki, da abin da kowa ya bari a baya.

Kafin kowa ya zo, adashi muka sani. Kakanninmu a Birnin Kudu da Gwaram da shi suka sayi kwanon gyaɗar ƙuli na farko, da shi suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta shigo Nijeriya a 1935, Jihar Arewa ta yi tata a 1956, amma hankalin hukuma a lokacin yana kan manoman gyaɗa da auduga, wato maza. Matar da ke soya ƙuli a cikin gida ba ta cikin lissafi.

Sai a 1987 Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin Better Life domin matan karkara. Lokacin muna cikin Jihar Kano tukuna, don sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Shirin ya buɗe cibiyoyin koyon ɗinki da saƙa, ya raba injinan niƙa, ya kuma sa mata da yawa suka fara jin kalmar “rajista”. A 1989 aka kafa People's Bank mai ba da ƙaramin rance ba tare da jingina ba. Daga baya Hajiya Maryam Abacha ta zo da nata shirin na tallafa wa iyali a 1994, aka bi shi da FEAP a 1997. Ba za a ce ba a amfana ba. Sai dai kowane shiri yana ɗaure ne da wuyan gwamnatin da ta kawo shi. Ta tafi, ya bi ta. A shekarar 2000 aka haɗe People's Bank da FEAP da bankin manoma wuri guda, wanda yau shi ne Bankin Aikin Gona mai hedikwata a Kaduna. Injin da ya lalace kuwa, babu mai gyara, don tun farko ba a ce na wane ne ba.

Abin mamaki, dabarun da suka daɗe daga maƙwabta suka fito, kuma ba na gwamnati ba ne. A Bauci, wadda Gwaram ke iyaka da ita, an kafa ƙungiyar DEC a 1987, ba don neman riba ba. Tana ba mata rance a rukuni-rukuni, kowace ta tsaya wa 'yar uwarta, ana biya kaɗan-kaɗan. Yau ta bazu a jihohin Arewa da dama.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Maraɗi. A 1991, shekarar da aka haifi jiharmu, ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a ƙauyukan Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. Ba su kawo jari ba, ko sisi. Horo kawai suka kawo, suka ɗauki adashin da matan suka riga suka sani suka yi masa kwaskwarima. Maimakon mace ɗaya ta kwashe zubi duka a tashi, sai kuɗin ya zauna a asusu. Mata wajen talatin su haɗu duk mako su zuba, mai bukata ta ara ta juya ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zango a fasa a raba. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Da farko ma da ka ake riƙe lissafi, tunda yawancinsu ba su yi boko ba. To, wannan dabarar ta matan Hausa ita ce yau ake kira VSLA, ana yin ta a ƙasashe da yawa na Afirka har Asiya. Mutane sun san Muhammad Yunus na Bangaladash da ya ci kyautar Nobel a 2006, amma kaɗan ne suka san rawar da matan Maraɗi suka taka.

Maganar ɗan ƙarin nan ta jawo muhawara a wurinmu, kuma da gaskiyar masu tambaya, don ba wadda ke son kuɗin ruwa ya shiga tukunyarta. Shi ya sa wasu rukunoni suka koma saye da sayarwa: asusu ya sayi buhun gyaɗa ko shinkafa, ya sayar wa mamba da ribar da aka yi yarjejeniya a kai tun farko.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da sana'a ta fara girma. Asusu yana iya tayar da mai ƙosai, amma ba ya iya sayen injin matse man gyaɗa ko na casar shinkafa. A nan ne irin su WOFAN suka shigo, ƙungiyar da Hajiya Salamatu Garba ta kafa a Kano a 1993, wadda ke aiki da manoma mata har a Jigawa, musamman kan sarrafa shinkafa da gyaɗa. Su ma sharaɗinsu kusan ɗaya ne da na sauran masu tallafi: da rukuni suke hulɗa, ba da mutum ɗaya ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin motar kai kaya kasuwar Sara ko Babaldu ya tashi, kuɗin da ya kwana a akwati kuma darajarsa zubewa take yi. Duk mai son ya taimaka wa sana'ar da ta wuce matakin tire da faranti, abin da zai fara tambaya shi ne takardar rajista, da littafin zubi, da asusun banki da sunan ƙungiya. Rukunonin unguwanni da har yanzu ke riƙe lissafinsu da ka, su taho da shi ofis a rubuta kafin zangon zubi mai zuwa.