Kwalejin haziƙai a jami'o'in Amurka: mece ce, kuma wa ya dace ya shige ta?

Ɗalibin da wata babbar jami'ar gwamnati a Amurka ta karɓa da maki mai kyau, sau da yawa takarda ta biyu kan biyo bayan ta farko. Ita wannan tana gayyatarsa ne ya nemi shiga abin da ake kira honors college da Ingilishi, wato kwalejin haziƙai. Iyalan ƴan Nijar mazauna New York ko Greensboro sun san irin wannan takarda, kuma wani lokaci hotonta kan iso ta WhatsApp har wurin kawu ko kaka a Maraɗi ko Tawa, tare da tambayar ko a amsa ko a bari. Sunan yana da daɗin ji, shi ya sa da yawa kan amsa kafin su karanta sharuɗɗan da ke ƙasa.

Abin da ake nufi da ita

Kalmar kwaleji a nan ba ta da alaƙa da makarantar da yaranmu ke shiga bayan firamare. Wani sashe ne a cikin jami'a, mai shugabansa da ofishinsa da masu ba ɗalibai shawara, wani wuri har da gidajen kwanansa. Ɗalibin da ya shiga yana ci gaba da karatun fanninsa, injiniya ne ko lissafi ko tattalin arziki, tare da sauran ɗalibai. Abin da ya canza shi ne wani kaso na darussansa, galibi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, zai yi su a ƙananan azuzuwa na musamman, sannan a mafi yawan wurare ya rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe. Digirin farko a Amurka shekara 4 ne, kredi 120 a yawancin fannoni, saɓanin lisansi na tsarin LMD da ake yi cikin shekara 3. Wanda ya kammala kwalejin haziƙai digiri ɗaya yake karɓa da abokan karatunsa. Sai dai a rubuta a takardar makinsa, wani wuri har a kan difloma, cewa ya bi ta wannan hanya.

Akwai abubuwa uku da ake yawan rikita ta da su. Na farko azuzuwan share fage na Faransa, waɗanda ake kira prépa: su shekara biyu ne bayan bak, kuma ƙarshensu gasar shiga manyan makarantu ce, alhali kwalejin haziƙai ba ta da wata gasa a ƙarshe. Na biyu kalmar honours da ake gani a digirin Ingila da Najeriya, wadda ke nuna nau'in digiri da matsayin sakamako. Na uku ƙungiyoyin karramawa masu aiko wa ɗalibi wasiƙa su nemi kuɗin rajista. Cikinsu akwai masu daraja ta gaske, kamar Phi Beta Kappa da aka kafa tun 1776, akwai kuma waɗanda ba su da abin bayarwa sai takardar rataye a bango.

Asalinta

Tunanin ya samo tushe daga Frank Aydelotte, wanda ya yi karatu a Oxford ta Ingila, ya dawo ya zama shugaban kwalejin Swarthmore da ke kusa da Philadelphia a 1921. A 1922 ya ƙaddamar da tsarin da ɗalibai zaɓaɓɓu ke barin manyan laccoci a shekaru biyu na ƙarshe, su riƙa zama cikin ƙananan rukuni suna muhawara da malami, daga ƙarshe malamai daga wasu jami'o'i su zo su jarraba su. Tsarin ya ƙara bazuwa bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, lokacin da Amurka ta firgita cewa ana barin ta baya a kimiyya. Jami'ar Oregon ta buɗe kwalejinta ta haziƙai a 1960, sannan a 1966 aka kafa ƙungiyar da ke haɗa irin waɗannan tsare-tsare a faɗin ƙasar, National Collegiate Honors Council.

Manyan da ake ji yanzu kuɗin attajirai ne ya ɗaga su. Ta jami'ar jihar Pennsylvania ta ɗauki sunan Schreyer a 1997 bayan kyautar dalar Amurka miliyan 30. Ta jami'ar jihar Arizona, wadda aka kafa a 1988, ta zama Barrett a 2000 bayan kyautar miliyan 10 daga Craig Barrett, shugaban kamfanin Intel na lokacin, da matarsa Barbara. Macaulay ta jami'ar birnin New York ta fara a 2001. Dalilin jami'o'in a fili yake: ɗalibin da ya fi kowa maki a jiha yana iya tafiya Harvard ko Stanford, to sai a yi masa tayin ƙaramar makaranta a cikin babbar jami'a, da kuɗi mai sauƙi, don ya zauna gida. Talla ce ta wani ɓangare, kuma sanin haka yana taimaka wa mai karanta takardar gayyata.

Abin da ɗalibi ke samu

Duk wanda ya taɓa zama a amfi na Jami'ar Abdou Moumouni a shekarar farko ya san yadda malami ke zama murya kawai daga nesa. Haka abin yake a manyan jami'o'in Amurka, inda darasin sinadarai ko tattalin arziki na shekarar farko kan tara ɗaruruwan ɗalibai. Ajin haziƙai kuwa galibi bai wuce mutum 20 zuwa 25 ba. Malami ya san sunan kowa, yana karanta abin da kowa ya rubuta da kansa. Amfanin wannan yana fitowa ne bayan shekara uku, ranar da ɗalibi zai nemi mastar ko dakta ko makarantar likita, aka ce ya kawo wasiƙun shaida daga malamai. A tsarin Amurka waɗannan wasiƙu suna da nauyi ƙwarai, kuma wasiƙar malamin da ya san aikinka daban take da ta wanda ya san lambarka kawai. Ga yaron da iyayensa ba su yi jami'a a ƙasar ba, ba shi da wani babba da zai nuna masa ƙofofi, wannan kusanci shi ne mafi tsadar abin da kwalejin ke bayarwa.

Akwai kuma wata gata da ba a cika kula da ita ba sai an shiga: yin rajistar darussa kafin sauran ɗalibai. A can ɗalibi ne ke zaɓar darussansa kowane zango, kuma kujeru suna ƙarewa. Wanda ya rasa darasin dole yana iya jiran wani zango, wani lokaci hakan ya ƙara masa watanni da kuɗi. Mai rajista da wuri yana kuma iya tsara lokutansa yadda za su bar masa sa'o'in aiki, ko su bar masa tsakar ranar Juma'a.

Kundin ƙarshe ya yi kama da memuwar da ake rubutawa a nan, ana kare shi gaban malamai biyu ko uku. Wanda ke da niyyar bincike, wannan ne gwajinsa na farko, kuma abin nunawa ne a hannu. Sauran abubuwan, irin su gidan kwana na musamman da kuɗin tafiya taro, sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a.

Abin da yake biya

Wasu kwalejojin kyauta ne shigarsu, wasu suna da kuɗin ƙari a kan kuɗin makaranta. A Barrett ya kai wajen dalar Amurka 2000 a shekara a ƴan shekarun nan, wato sama da miliyan ɗaya na sefa. In an wajabta zama a gidan kwanan kwalejin, sai a duba farashinsa, don sabbin gine-gine sukan fi tsada.

Sai sharaɗin maki, kuma nan ne ya kamata a fi tsayawa. Ana auna matsakaicin maki a kan 4: A tana da 4, B tana da 3, C tana da 2. Barrett na neman 3.25 kafin ta ba da shaidar kammalawa, Schreyer na neman 3.40. Ma'ana, ɗalibin da ke samun B a kowane darasi, wanda a ko'ina ɗalibi ne nagari, bai cika sharaɗi ba. Faɗuwa ƙasa da ma'aunin ba ta sa a kore shi daga jami'a; akan ba shi zango ɗaya ko biyu ya gyara, in ya kasa ya koma cikin sauran ɗalibai. Matsalar tana ga burs. In tallafin karatun da ya dogara da shi a ɗaure yake da zamansa a kwalejin haziƙai, to fitarsa daga kwalejin ita ce yankewar kuɗin. Ga ɗan ƙasa akwai sauran hanyoyi, har da tallafin gwamnatin tarayya. Ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ta F-1 ba shi da haƙƙin wannan tallafi, yana biyan kuɗin baƙo wanda kan ninka na ɗan jiha sau biyu ko uku, dole ya riƙe aƙalla kredi 12 kowane zango, kuma aikin da aka yarda masa a harabar jami'a bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Shi yankewar burs na iya zama ƙarshen karatun gaba ɗaya. Don haka tambayar farko da za a yi wa ofishin, a rubuce, ita ce: in na fita daga kwalejin, wane kuɗi zan rasa?

A kuma karanta wa aka yi wa alkawarin kuɗin. Macaulay ta shahara da biyan kuɗin makaranta duka, amma ga waɗanda suka cika sharaɗin zama mazauna jihar New York. Yaron da ya tashi a Bronx yana iya samu, ɗan uwansa da ya ci bak a Damagaram ba lallai ba. Shi wannan ma maganar biza ce a gabansa tukuna, wadda ta yi tsauri ga ƴan Nijar tun 2025.

Batun harshe

Darussan haziƙai ba lallai su fi sauran wuya a lissafi ko kimiyya ba. Nauyinsu yana cikin karatu da rubutu da magana. A Barrett, alal misali, ɗaliban shekarar farko suna yin zango biyu suna karanta manyan littattafan tarihin tunanin ɗan Adam, tun daga na da can, suna muhawara a kansu, kuma yin magana a aji yana cikin maki. Ɗalibin da ya yi lise da Faransanci, ya saba da rubutun falsafa na ajin ƙarshe, yana da makamin tsara hujja fiye da yadda yake zato. Abin da ke kayar da shi shi ne sauri: shafi 60 ko 80 na Ingilishi kafin zama na gaba, da ƴan aji masu magana kamar ruwan sama. A zangon farko wannan yana iya jan makinsa ƙasa daidai lokacin da ake auna shi.

Mafita tana nan, ko da yake takardar gayyata ba ta cika ambatonta ba. Yawancin kwalejojin, har da Barrett da Schreyer, suna da ƙofa ta biyu ga ɗaliban da suka riga suka fara jami'a, ko waɗanda suka taho daga kwalejojin shekara biyu. Wanda harshensa bai zauna ba, babu laifi ya yi shekara guda a azuzuwan kowa da kowa, ya tara maki, sannan ya nema. Sai dai a tambaya tukuna, don wasu burs ɗin ga masu shiga tun farko kaɗai ake ba da su.

Wa ta dace da shi

Mai niyyar wucewa mastar, dakta, likitanci ko lauya, kuma a babbar jami'a yake, shi ne ya fi kowa cin moriya, musamman in shiga ba ta da kuɗin ƙari. Haka wanda bai tsai da fanni ba tukuna, don masu ba da shawara na kwalejin suna da ɗalibai kaɗan, suna da lokacin zama da shi.

Ɗalibin injiniya ko aikin jinya sai ya yi lissafi da alƙalami. Jadawalinsu a cike yake tun farko, kuma abin dubawa shi ne ko darussan haziƙai suna maye gurbin darussan dole ne, ko ƙari ne a kansu. Wasu jami'o'in suna yarda ɗalibi ya ƙulla yarjejeniya da malami, ya ƙara wani aiki a darasi na yau da kullum a lissafa masa shi cikin na haziƙai. Wasu ma suna karɓar aikin ƙarshe na injiniya a matsayin kundi. Inda babu wannan sauƙi, shekara 4 na iya zama 5. Masu ɗaukar injiniyoyi aiki kuwa sun fi tambayar inda mutum ya yi horon aiki da abin da ya gina, ba safai suke tsayawa kan layin da ke ƙasan difloma ba. Haka ma a gida: ofishin da zai tantance difloma a Yamai matakin digirin da jami'ar da ta bayar zai duba.

Wanda ke aiki don ya ciyar da kansa ko ya aika gida, shi ma ya ƙirga sa'o'insa da gaskiya kafin ya sa hannu. Haka nan wanda ke ƙaramar jami'a, inda azuzuwa dama ba su wuce mutum 25 ba: rabin abin da kwalejin ke sayarwa yana hannunsa tun farko.

Ba duk kwalejojin ne iri ɗaya ba, ko da sunan ɗaya ne. Lloyd ta jami'ar North Carolina da ke Greensboro ta fi karkata ga harsuna da karatu a ƙasashen waje, wata kuma ta fi ƙarfi a binciken kimiyya, wata ba ta wuce ofishi ɗaya da ƴan darussa ba. Ma'auni mai kyau shi ne a tambayi ofishin mutum nawa cikin waɗanda suka shiga shekara 4 da suka wuce suka kai ga kare kundi, don a wurare da dama masu fita a hanya suna da yawa. Sannan a nemi ɗalibi ɗaya na shekara ta uku a fannin da ake so, a tambaye shi darasin haziƙai nawa ya samu a cikin fannin nasa, da sunan malamin da zai duba masa kundi.