Baƙin Allo: Yadda Linux da Katin Hoto Suka Daɗe Suna Kai Ruwa Rana

Akwai wani shiru da duk wanda ya taɓa saka Linux a kwamfuta ya sani. An gama sakawa lafiya, an sake kunna na'ura, tambarin kamfani ya bayyana ya wuce, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ba rubutu ba hoto. Mu da galibin laftof ɗinmu 'yan gwanjo ne, nan take zuciya ke raya mana cewa mushe aka sayar mana. Sau da yawa kuwa na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da muke kallo ragowar wata tsohuwar rigima ce da ta girmi wasunmu, kuma wanda ya san yadda aka faro ta ya fi saurin gano inda gizo ke saƙar.

Katin hoto, wanda masu gyara ke kira girafik, shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Ba ya jin maganar kowa sai ta bakin tafinta, wato manhajar da ake kira direba. A Windows kamfanin da ya ƙera kati shi ke rubuta direba ya miƙa a kulle, ba mai ganin cikinsa. Shi kuwa Linux, da Linus Torvalds ya sanar a watan Agustan 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, an gina shi ne a kan cewa rubutun manhaja a buɗe yake, kowa ya karanta ya gyara. Bugu da ƙari, masu kula da zuciyar tsarin, wato kanel, sun ƙi yin alkawarin cewa ƙofofin da direba ke bi ya yi magana da ita za su tsaya yadda suke. Hujjarsu ita ce: direban da ke cikin gida, in sun sauya ƙofa su da kansu za su gyara shi, wanda ya zauna a waje da rubutunsa a kulle, shi ya jiyo. Nan ne tushen ciwon da muka fi sani, a sabunta kanel da daddare, da safe allo ya ƙi tashi.

Manyan kamfanoni uku sun bi hanyoyi uku. Intel ya shigo gida da wuri, ya sa ma'aikatansa rubuta buɗaɗɗen direba, shi ya sa laftof mai Intel zalla ba ta cika ba da wahala ba. ATI na ƙasar Kanada yana da kullallen direba mai suna fglrx, wanda ya yi ƙaurin suna wajen daskarar da kwamfuta. AMD ya sayi ATI a 2006, a watan Satumban 2007 kuma ya fara sakin takardun da ke bayyana yadda katunansa ke aiki. Abin bai yi daɗi nan take ba, an ɗauki shekaru. Amma a 2015 direban amdgpu ya shiga kanel, a 2016 Ubuntu 16.04 ta fito ba tare da fglrx ba, kuma lokacin da Valve ya fitar da na'urar wasansa Steam Deck a 2022, Linux ne a ciki da kati na AMD.

Nvidia ne ya ƙi. A yi masa adalci, kullallen direbansa ya daɗe yana fin na kowa ƙarfi a Linux, matuƙar ya dace da kanel ɗin da ke kan na'ura. Sai dai in ya faɗi, ba mai iya leƙa cikinsa sai masu shi. Ita kanta kanel da zarar an ɗora mata irin wannan direba takan yi wa kanta alamar cewa ta gurɓata, masu kula da ita kuma ba sa ɓata lokaci kan ƙorafin da ya zo da wannan alama. Wasu 'yan sa-kai suka ce ba za su zauna jira ba. Suka kafa aikin Nouveau, kalmar Faransanci mai nufin sabo, suna sa ido kan saƙonnin da kullallen direba ke aika wa kati suna rubutawa, kamar mai koyon ɗinki ta hanyar farke rigar wani. A 2010 Nouveau ya shiga kanel 2.6.33.

Shekara guda kafin haka an yi wani sauyi da har yau muke cin karo da shi. A da, manhajar X ce ke saita allo bayan na'ura ta gama tashi. Daga kanel 2.6.29 ta 2009 aka fara mayar da wannan aiki cikin kanel. Gyara ne mai kyau, amma ya zo da nasa: in direba ya yi tuntuɓe, tun farkon tashi allo ke mutuwa. Kalmar nomodeset da ake ta ba juna kamar laƙani daga nan ta fito. A danna e a allon GRUB, a rubuta ta bayan quiet splash, an hana kanel saita allon ke nan. Sanda ce ta dogarawa a shiga a yi gyara, ba magani ba. Wanda ya bar ta dindindin zai zauna da manyan rubutu da bidiyo mai tsinkewa.

A 2010 Nvidia ya fito da Optimus, laftof mai kati biyu: na Intel don ƙaramin aiki, na Nvidia don mai nauyi. Ba a tanadi Linux a cikin tsarin ba, sai da 'yan sa-kai suka ƙago Bumblebee a 2011 don yin faci. Kan wannan matsala ce wata mata ta yi wa Torvalds tambaya a Jami'ar Aalto a watan Yunin 2012. Ya ce Nvidia ne kamfani mafi muni da suka taɓa hulɗa da shi, ya juya ya ɗaga wa kyamara yatsan tsakiya, daƙuwar Turawa ke nan. Hoton ya zaga duniya, amma abin da ya biyo baya ƙarin kulli ne. Daga jerin GTX 900 na 2014, katunan suka daina karɓar ƙaramar manhajar da ke tuƙa su daga ciki sai mai sa hannun kamfani. A lokacin Nouveau na iya kunna su, amma ba ya iya ƙara musu gudu, kamar mota ta maƙale a giya ta ɗaya.

Sai a watan Mayun 2022 Nvidia ya buɗe ɓangaren direbansa da ke shiga kanel, a 2024 kuma da direba 560 ya mai da shi zaɓin farko. An yi murna, mu dai da sauƙi muka yi tamu. Buɗewar ta shafi jerin GTX 16 da RTX 20 zuwa sama ne kawai, sauran sassan direban kuma har yanzu a kulle suke.

Ga inda abin ya taɓa aljihunmu. Laftof ɗin da ke isowa kasuwanninmu bayan sun gama aiki a Turai da Amurka, da yawansu tsofaffin katuna ne a ciki. Nvidia ya daina kula da direba 340 a ƙarshen 2019, 390 a ƙarshen 2022, 470 kuma a 2024. Da aka daina, ba wanda zai ɗauka ya ci gaba yadda ya kamata, tunda rubutun a kulle yake. Katin ATI sa'ansu kuwa yana nan yana aiki da direban radeon da ke cikin kanel. Don haka in za mu sayi na hannu, mu tafi da filashi mai Linux a aljihu, mu kunna na'urar da shi kafin a ƙirga kuɗi, mu rubuta lspci -k mu ga wane kati ne da direban da ya kama shi.

In kuma baƙin allon ya riga ya same mu, Ctrl da Alt da F3 kan buɗe wurin rubuta umarni ko da hoto ya mutu. GRUB na ajiye tsohuwar kanel, in an koma kanta komai ya tashi, to sabuntawa ce ta jawo. A duba Secure Boot, domin yana hana direban da ba a sa wa hannu ba shiga. Umarnin journalctl -b -1 na nuna abin da ya faru kafin na'ura ta faɗi a kunnawar baya. In an ga Xid 79 a ciki, katin ne ya ɓace wa kwamfutar gaba ɗaya, kuma sau da yawa zafi ne ko ƙarancin wuta, ba direba ba. A zafin watan Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta gama cika fanka, sai a fara da buɗe bayan laftof ɗin a kakkaɓe ta.